Yadda Ake Gano Ma'aunin Tsohuwar Katafilar Wasa Ta Ƙarfe

Masu tara tsoffin motocin wasa na ƙarfe a Garwa, Marwa da Kusiri sun dame ni da tambaya guda: mutum ya tsinci katafila ko tifa a hannun 'yan gwanjo, ba kwali ba takarda, ta yaya zai san ma'auninta? Wasu saye suke, wasu kuma so suke su sayar ta waya ga mutanen Injamena ko Duwala, inda mai saye ba ya ko tambayar kuɗi sai ya fara jin "ɗaya bisa nawa ce?" Akwai kuma ɗaliban zanen gini masu haɗa ƙaramin filin aiki a kan katako, waɗanda ba sa son tifa ta fito ta fi katafilar da za ta yi mata lodi girma.

Idan an ce 1/50, ana nufin kowane milimita ɗaya a jikin ta wasa milimita 50 ne a jikin ta gaske. Lissafin bai wuce rabawa ɗaya ba: awon ta gaske a raba da awon ta wasa. Wahalar tana wajen sanin inda za a ɗora rula, kuma nan ne yawancin mutane ke ɓata aikin.

Kayan aiki

Rular makaranta mai milimita, wadda ba ta kai sefa 500 ba, ta isa a fara. Abin da ya fi ta shi ne ma'aunin nan mai baki biyu da makanikai ke kira piye-a-kulis. Na roba yana da araha a shagunan kayan gini, mai batir ya fi tsada, kuma idan motoci biyu ko uku kawai gare ka, ba sai ka saya ba, ka ara wurin mai gyaran famfon gas ko mai injin feƙe ƙarfe. Ka haɗa da tef ɗin awo na mita biyar irin na magina, tsohon buroshin haƙori, tocilan waya, kalkuletar waya, biro da littafi. Littafin ya zama mai ƙananan gidaje na milimita 5, domin zai yi amfani a mataki na ƙarshe.

Tef ɗin tela ba na wannan aikin ba ne. Yana miƙewa idan ya tsufa, kuma ba ya kwanciya daidai a kan ƙarfe.

1. Kifa motar ka karanta cikinta

Kafin awo, ka goge ƙasanta da busasshen buroshi, ka haska tocila ta gefe yadda rubutun da aka zuba tare da ƙarfen zai yi inuwa. Sau da yawa amsar tana nan kwance ƙarƙashin ƙura. Majorette ta Faransa takan rubuta ECH. sannan adadi, misali ECH. 1/100 a da yawa daga cikin manyan motocinta. Tomica ta Japan takan sa S=1/ sannan adadi. NZG da Conrad na Jamus sukan rubuta 1:50. Idan babu komai a ciki, duba cikin bokiti, ƙarƙashin bodin tifa idan yana ɗagawa, da bayan wuƙar katafila.

A kula: ba kowane adadi ne ma'auni ba. No. 18, K-3 ko 961 lambar motar ce a jerin kayan kamfani. Ma'auni kullum yana farawa da 1, sai layi ko ɗigo biyu.

A kula kuma: kada ka wanke da fetur ko tina, kada ka sa soson ƙarfe ko samfefa. Fentin asali shi ne rabin kuɗin tsohuwar mota. Idan datti ya daskare, tsumma mai ɗan danshi da sabulu kaɗan ya wadatar, ka busar a inuwa.

2. Gane kamfani da zamaninta

Sunan kamfani ba ya ba da amsa kai tsaye, amma yana rage maka yawo.

Dinky Toys, na kamfanin Meccano a Libaful, an yi su daga 1934 zuwa 1979, kuma suna da reshe a Faransa, shi ya sa nasu masu rubutun Made in France, irin su tifar Berliet da rolar Richier, ke yawan biyo kayan gwanjon da ke zuwa mana ta Duwala. Tsoffin Dinky ba kasafai suke rubuta ma'auni ba. Ƙananan motocinsu suna kusa da 1/43, manyan kuwa, waɗanda ake kira Supertoys, sukan faɗa kusa da 1/48, wasu ma sun fi haka ƙanƙanta. Corgi, da ta fara a 1956, ita ma ma'auninta kusa da waɗannan adadin yake yawo.

Matchbox na kamfanin Lesney na Ingila su ne masu sa ciwon kai. Tun motarsu ta farko a 1953, wadda rola ce ta Aveling-Barford, girman kwali ne ke yanke girman mota. Ƙaramar motar gida da ƙatuwar katafila duk tsawonsu kusan ɗaya, don haka kowace da nata ma'aunin, kuma sau da yawa adadin ba ya faɗawa kan wani sananne. King Size da suka fito daga 1960 sun fi girma, amma su ma ba su da ma'auni guda.

NZG, Conrad da magabacinsa Gescha, su ne ke yi wa kamfanonin injina samfurin talla, kuma su ne suka kafa 1/50 a matsayin ma'aunin injinan gini. Joal ta Sifen ta yi da yawa a 1/50, amma wasu manyan katafilolinta a 1/70 suke. Siku ta Jamus ta daɗe a 1/60, ta koma 1/55, daga baya ta yi 1/50 da 1/87. Ertl ta Amurka ta fi son 1/16, 1/32 da 1/64.

Rubutun ƙasar da aka ƙera ta yana taimakawa wajen shekaru. W. Germany na nufin kafin haɗewar Jamus a 1990. Matchbox mai Macau ko Thailand bayan rushewar Lesney ce a 1982. Dinky mai Made in China sabon bugu ne, sau da yawa na kwaikwayon tsohuwa, girmansu ɗaya amma kuɗinsu ba ɗaya ba.

A kula: manyan Tonka masu ruwan ɗorawa da yara ke ja a tsakar gida farantin ƙarfe ne aka lanƙwasa, ba zubi ba. Maganaɗisu yana kama su, ba ya kama jikin motar zubi, wadda gaurayen tutiya ce. Yawancin irin waɗannan ba a yi su a kan wani inji takamaimai ba, kada ka ɓata lokaci kana nema musu adadi.

3. Gano ainihin injin da aka kwaikwaya

"Katafila ce" bai isa ba. D4 da D9 na kamfanin Caterpillar duk katafila ne, amma ɗaya ta kusa ninka ɗaya faɗi. Kana bukatar suna da lamba, har da harafin ƙarshe idan akwai, domin D8 ta shekarun 1940 ba girmanta ɗaya da D8H ba. Duba ciki, gefen bonet, da ragowar sitika. Idan sunan ya goge, ɗauki hoto ta gefe ka nuna wa tsohon direban injin hanya. Waɗanda suka yi aiki a kan hanyar Ngaundere zuwa Kusiri ko a garejin ma'aikatar ayyuka, da ganin siffar ɗakin direba za su ce maka wannan mai haƙa Poclain ce, waccan gireda Cat 12 ce. Ni dai na fi yarda da idonsu fiye da binciken hoto na waya, wanda ke yawan kawo inji mai kama amma na wani zamani.

4. Zaɓi wurin da ba ya motsi

Wannan matakin shi ne zuciyar aikin, don haka zan daɗe a kansa.

Abin da kowa ke fara yi shi ne auna tsawo daga gaba zuwa baya. A motar gida babu laifi. A injin gini kuwa kuskure ne, saboda tsawonsa ba tsayayye ba ne. Hannun mai haƙa yana miƙewa yana naɗewa. Bokitin mai lodi yana ƙasa ko yana sama. Katafila ɗaya ana iya ɗaura mata wuƙa iri uku, da ƙugiyar yage ƙasa a baya ko babu. Takardar kamfani mai ɗauke da awon injin na gaske kuma tana iya ba da tsawonsa shi kaɗai ba wuƙa, kai kuma ka auna da wuƙa, sai ka samu 1/40 alhali motar 1/50 ce.

Wuraren da za ka dogara da su su ne waɗannan. A mai taya, tazara daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar tayar baya. Dabarar auna ta ba tare da lalubar tsakiya ba ita ce ka auna daga gaban tayar gaba zuwa gaban tayar baya, muddin tayoyin girmansu ɗaya, adadin ɗaya ne. A tifa mai taya goma, ka lura ko takardar ta ƙirga zuwa layin baya na farko ne ko zuwa tsakanin biyun, ka bi yadda ta bi. A mai sarƙa, tazara daga tsakiyar sarƙar hagu zuwa tsakiyar ta dama. Nan ma, gefen waje na hagu zuwa gefen ciki na dama ya ba ka adadin. A gireda, tsawon wuƙa. A rola, faɗin ganga da kaurinta. Sai faɗin jiki, da tsayi daga ƙasa zuwa rufin ɗakin direba, ban da salansa da fitilar sama.

Ka auna aƙalla wuri uku, ka rubuta kowane da milimita, har da rabi idan kana da piye-a-kulis. Mafi tsawon awon shi ne mafi aminci. Kuskuren milimita ɗaya a cikin 120 ba ya canja komai, amma a cikin 25 yana iya mai da 1/100 ya zama 1/96 ko 1/104.

A kula: taya ita ce babbar maƙaryaciya a motar wasa. Kamfanoni sukan sa taya iri ɗaya a motoci daban-daban don rage kashe kuɗi, kuma daga 1969, lokacin da Matchbox ta koma tayoyin gudu na Superfast, taya ta daina bin girman mota kwata-kwata. Ga kuma wadda wani ya canja a hanya. Taya sai dai ta zama shaida ta uku, kuma a kan samfurin talla irin na NZG da Conrad kawai.

A kula: sarƙar roba ba abin aunawa ba ce. Zafin Garwa na watan Maris da Afrilu yana busar da ita ta tsage, ko ta saki. Ka auna ƙafafun ƙarfen da take zagayawa a kansu. Kuma kada ka ja ta don ka gani da kyau, idan ta tsinke samun madadinta a nan wuya ne.

A kula: idan ka ga jikin ya yi ƙananan tsage-tsage, ko ƙofa ta kumbura ta ƙi zama, ciwon tutiya ne da ke kama wasu tsoffin zubi. Ƙarfen yana kumbura yana gautsi. Kada ka matse shi da bakin piye-a-kulis, kada ka tilasta hannu ya motsa, kuma ka san awon wurin ya riga ya ƙaru.

5. Samo awon injin na gaske

Hanya ta farko intanet ce. Rubuta sunan injin da lambarsa ka ƙara fiche technique, wato takardar bayanin inji da Faransanci. Kalmomin da za ka nema a takardar su ne empattement, wato tazarar tayoyi, voie, wato tazarar sarƙoƙi ko ta tayoyin hagu da dama, sai largeur da hauteur, faɗi da tsayi. Tsohuwar takardar talla ta kamfanin da aka ɗauki hotonta ta fi shafukan dillalai, domin su sukan kwafi adadin sabon samfuri su liƙa wa tsoho.

A kula da rubutun adadi. Takardar Faransanci tana rubuta 2,50 m tana nufin mita biyu da rabi, ta Ingilishi kuma tana rubuta 2,500 tana nufin dubu biyu da ɗari biyar. Takardun Amurka da na tsohuwar Ingila da inci da ƙafa suke: inci ɗaya milimita 25.4 ne, ƙafa ɗaya 304.8. Ka mayar da komai milimita kafin ka taɓa rabawa.

Ga wasu adadi da za su rage maka nema. Tazarar sarƙoƙin D8H inci 84 ce, wato milimita 2134. Ta D9G inci 90, wato 2286. Tsohuwar D7 inci 74, wato 1880. D4 da D6 kuwa an yi su a faɗi biyu, siririya da mai faɗi, saboda haka a kansu ka nemi wani awon ka haɗa. Wuƙar gireda Cat 12 ta asali ƙafa 12 ce, milimita 3658.

Hanya ta biyu, wadda mu a nan muka fi mutanen Turai samun ta da sauƙi, ita ce zuwa wurin injin da kansa. Injinan da can sai a gidan tarihi, nan suna aiki ko suna fake a gareji: tsoffin Berliet, tifofin Marsandi masu dogon hanci, gireda da katafilu na shekarun 1970. Ka je da tef da motar wasan a aljihu, ka yi sallama, ka gaishe da mai gadi ko direba, ka ce, "Baba, sannu da aiki. Don Allah ko za ka bar ni in auna faɗin wannan? Ga 'yarta nan na kawo." Da wuya dattijo ya ga ƙaramar injin da ya yi shekaru yana tuƙawa ya hana ka. Kuɗin goro ko na shayi a hannu yana da kyau.

A kula: injin ya kasance a kashe, wuƙa da bokiti a ƙasa, direba yana tsaye yana ganin ka. Kada ka shiga ƙarƙashi, kada ka shiga tsakanin gaba da bayan mai lodi inda yake lanƙwasawa. Kuma a garejin hukuma ko wurin da jami'an tsaro ke gadi, musamman daga Marwa zuwa sama, kada ka ɗaga waya don hoto sai an ba ka izini a fili.

6. Yi rabawar, ka matsa zuwa sanannen adadi

A ce gireda ce, wuƙarta ta ba ka milimita 73. Raba 3658 da 73, ka samu 50.1. Ita ce 1/50. A ce katafila ce mai rubutun D8H, tazarar sarƙoƙinta 30: 2134 raba 30 ya ba da 71, wato 1/70. Ka yi haka ga duk awo ukun, ka jera sakamakon.

Adadin da ake yawan samu su ne 16, 25, 32, 35, 43, 48, 50, 55, 60, 64, 70, 76, 87 da 100. Idan ka samu 49, 51 da 50.5, ka rubuta 1/50 hankali kwance. Wurin da ake rikicewa shi ne tsakanin 48 da 50, da tsakanin 60 da 64. Nan rula ba ta raba gardama, sai piye-a-kulis da awo mafi tsawo, sannan ka koma mataki na 2: Bajamushiya mai sunan kamfanin inji a jikinta 50 ce kusan kullum, tsohuwar Dinky ko ta Amurka ta fi karkata ga 48.

Kuskuren da na fi gani shi ne raba santimita da milimita, sai mutum ya ce motarsa 1/5 ce ko 1/500. Idan adadin ya fita daga tsakanin 10 da 150, ka sake duba sifili.

7. Idan babu suna ko kaɗan

Ana samun waɗanda aka sake wa fenti, ko na Hongkong marasa rubutu. A nan kimantawa za a yi, kuma hanyoyi biyu ne masu amfani.

Ta farko faɗin babbar motar titi. Tifa, tanka da mai kwaɓa siminti duk kusan mita 2.5 ne faɗinsu saboda dokar hanya. Auna faɗin bodi ban da madubi: milimita 78 na nufin 1/32, 58 na nufin 1/43, 50 na nufin 1/50, 45 na nufin 1/55, 39 na nufin 1/64, 29 na nufin 1/87, 25 na nufin 1/100. Tsoffin motocin Ingila na shekarun 1950 sun ɗan fi siranta, ƙafa 7 da rabi zuwa 8, ka yi musu rangwame. Tifofin ma'adinai irin su Euclid kuma ba sa bin dokar titi, sun fi haka faɗi nesa, wannan awon ba nasu ba ne.

Ta biyu mutum. Namiji mai tsayin mita 1.70 yana zama milimita 53 a 1/32, 40 a 1/43, 34 a 1/50, 27 a 1/64, kusan 20 a 1/87. Yanka 'yan takardu a waɗannan tsayin, ka tsayar da su ɗaya-ɗaya a jikin motar, ka ga wanne ne zai iya shiga ƙofar ya zauna a kujerar. Hanya ce ta ido, amma tana raba 50 da 87 nan take. Ɗan direban ƙarfe ko roba da ke zaune a wasu tsoffin Dinky da Matchbox kada ka auna shi, sau da yawa an ƙara masa girma don ya fito.

8. Idan awo ukun suka ƙi haɗuwa

Tsawo ya ce 1/75, faɗi ya ce 1/62. Ba lallai kai ne ka yi kuskure ba. Masu ƙera kayan wasa sukan gajarta mota don ta shiga kwali, su ƙara mata faɗi don kada ta riƙa kifewa a hannun yaro, su kaurara hannu da sanduna don kada su karye. Ka sake awo sau ɗaya, ka tabbatar injin da ka nemo shi ne daidai. Idan har yanzu sun saɓa, ka ɗauki tazarar tayoyi a matsayin babba, ka rubuta "kimanin 1/75", ka faɗi sauran. Har ma'aunin da kamfani ya rubuta a ciki wani lokaci an zagaye shi ne, don haka idan za a jera motar da wasu a filin aiki guda, awonka ya fi rubutun muhimmanci.

9. Rubuta, kuma ka nemi a yi maka haka idan kana saye daga nesa

Kowace mota ka yi mata 'yar takarda: kamfani, lamba, sunan inji, awo ukun, da ma'auni. Ka ɗaura da zare a jikin gatarin taya. Kada ka liƙa salatif ko sitika a kan fenti, zafi zai narkar da gam ɗin ya tashi da fentin. Ka ajiye su nesa da bakin ƙananan yara, domin fentin tsoffin kayan wasa yana iya ƙunsar darma.

Idan wani a Kasuwar Dembe ta Injamena ko a Ngaundere ya turo maka hoto ta WhatsApp, kada ka biya a kan hoton da aka ɗauka a tafin hannu. Ka ce ya ɗora motar a kan littafi mai gidajen milimita 5, ya ɗauka daga sama kai tsaye, wayar ta ɗan yi nisa, sannan ya ɗauki cikinta yadda rubutu zai fito. Gida goma milimita 50 ne, ka ƙirga faɗin da kanka. Ka tabbatar ba littafin manyan gidaje ba ne irin na 'yan firamare, nasa milimita 8 ne, zai sa ka ɗauki babba a matsayin ƙarama. Idan babu littafi, tsohon katin banki da ya daina aiki, a kife, yana yi: tsawonsa milimita 85.6, faɗinsa 54. Katin shaida kuwa kada kowa ya sa shi a hoto.

Ka tambayi nauyi ma kafin a ba direban mota saƙo. Katafila a 1/25 ta ninka 'yar'uwarta ta 1/50 sau biyu ne a tsawo, amma wurin da take ci a kwali ya ninka sau takwas, kuma tana bukatar a naɗe wuƙa da hannu daban da tsumma kafin ta hau hanyar Mora zuwa Kusiri.